Daddawar Yaya Gambo a Jirgin Yaƙin Rasha

A da, in mutum zai bar Waca zuwa nesa, sai ya bi gida-gida yana sallama. A yi masa addu'a, a yafe juna, sannan a ɗora masa kaya. Wannan ta ba da ƙullin kuka a kai wa ɗiyarta a Kano, wancan ya ba da takalmi a kai wa ƙanensa a Gaya, kuma ba mai tambayarka ko hanyarka ta bi ta can. Matafiyi shi ne gidan waya, ƙin karɓar saƙo kuwa abin kunya ne da har jikoki sai an goranta musu. Yanzu samari sai su sulale da 'yar jaka, sai sun kai Maraɗi uwarsu ke jin sun tafi. Ba na ganin laifinsu. Da na yi irin wayonsu, da ban tsaya a kan jirgin yaƙin Rasha ina tauna ɗanyar daddawa a gaban hafsoshi ba.

Abokan hira sun hana ni sakat da wannan magana. Labarin ma ya girme ni: wani a kasuwar Bande ya rantse ni na tuƙa jirgin, wani a Dogo-Dogo ya ce tayinsa aka yi mini na ƙi saye. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda aka yi, kowa ya huta.

A shekarun nan da Dahome ta sauya suna ta koma Benin, fata nake kaiwa Kwatano in sayo atamfa. Kafin nan na taka Makka ta Sudan, na zauna Kumasi, na leƙa Abijan. Ina jin Larabci da Faransanci da Barbarci da Zabarmanci, da Yarbancin da ya ishe ni ciniki da faɗa. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa yi mini amfani a gaban yayata, Gambo. Ita ta goye ni, saboda haka har gemuna ya yi fari ba ta san wani Alhaji ba, Auta take ce mini.

Ɗanta na fari, Isufu, gwamnati ta tura shi Rasha koyon aikin ban-ruwa, a wani gari da ake kira Tashkan. Da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma taɓa nuna ta san ba ya gida ba. Ana gobe zan tashi, na shiga yi mata sallama, na tarar da buhu a ɗinke kusa da tabarmarta.

"Auta, daddawa ce ta yi mini yawa bana," in ji ta. "Ka kai wa yaron nan naku."

"Wane yaro, Yaya?" Na tambaya ne don in ji ko yau za ta yi suɓutar baki.

"Yara nawa gare ku a ƙasar ƙanƙara?"

"Yaya, Kwatano za ni. Daga can zuwa inda yake ya fi daga nan zuwa Makka."

"Ba can ruwa yake ba? Ba jirage ke bin ruwa ba? Kai da ka ce ba bakin da ba ka ji, ka rasa wanda za ka ba saƙo?"

Ta gyara bakin zane. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce ɗan Liman na Bande ya dawo daga Faransa da Baturiya wadda ta gai da surukinta a tsaye, har ta miƙa masa hannu. Ta ce namijin da ya shekara uku bai sha miyar gidansu ba, duk macen da ta miƙa masa romo bin ta zai yi. "Ya ci wannan, ya tuna hanya. Ya dawo shi kaɗai, yadda ya tafi." Tunda nake da ita ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka a kansa ba. Na ɗauki buhu.

Abin da ke ciki: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, kilishi, da curin daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa. Wanda ya san ta kalwa kaɗai bai san daddawa ba. Ta kalwa sallama take yi kafin ta shiga ɗaki. Batso kuwa tana shiga ta kori masu gida.

Daga Waca zuwa Damagaram ba wanda ya ce uffan a kan warinsa. A mota ma wata tsohuwa ta shaƙa ta ce, "Wannan hannun manya ne," ta nemi in gutsura mata. Har Doso buhun nan mutuncinsa yake ci. Sai da muka gangara kudu, zafi ya haɗu da laima, abin da ke ciki ya farka. Tun daga nan na lura, duk tashar da muka ƙara, darajarsa na raguwa, warinsa na ƙaruwa.

A Gaya muka haye gada zuwa Malanbil. Can na fara jin sabon yayin ƙasar: an soke Alhaji, an soke Malam, an soke ranka ya daɗe, kowa kamarad ne. Yaron da bai kai ɗana ba ya dube ni ya ce, "Kamarad, sauke kayanka." Ma'aikacin duwan ne, wato kwastan, riƙe da tsinken ƙarfen da suke soka wa buhunan hatsi. Ya soka, ya zaro, ya kai hanci. Ina ganin lokacin da ya yi nadama.

"Kamarad, me ya mutu a nan?"

"Ba abin da ya mutu. Abinci ne."

"Na wa?"

"Na ɗalibi. Yana karatu a Rasha."

Yana jin Rasha ya miƙe ƙyam, ya goge tsinken a wandonsa, ya ce in wuce. Fatuna ma bai duba ba. Na riƙe wannan a zuciya, don matafiyi ba ya yar da makullin da ya ga ya buɗe ƙofa.

A Faraku muka hau jirgin ƙasa. Taragon cike yake da mata 'yan kasuwa, da kwandunan kifi mai hayaƙi da gwangwanayen manja, amma duk nawa aka sa wa ido. Wata mai jiki, da ɗaurin kai kamar rumfa, ta ce wa ta kusa da ita da Yarbanci, wai wannan dattijo kakarsa ya ɗauko zai kai ta gida a binne. Na ce mata da bakinta, kakar tawa ta gode, tana kuma gai da kifin da ke ƙarƙashin kujerarta, don da alama tare suka rasu. Taragon ya ɗauki dariya. Maimakon ta yi fushi, sai ta kwance wani ganye ta nuna mini tasu daddawar, jiƙaƙƙiya, mai yauƙi. Muka yi ta musu kan wacce ta fi, kowa na toshe hanci da ta ɗan'uwansa. Kafin mu kai Kwatano ta ciyar da ni kafa, tuwon masararsu na cikin ganye, da miyar da barkononta ya sa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar mahaifina. Mutanen kudu haka suke: su zage ka da safe, su ciyar da kai da rana. Mu kuwa mu gaishe ka har ƙasa, sai ka ba da baya mu yi zagin.

Masaukina a Zangon Kwatano gidan Sule Ɗan Dungas ne, ɗan kawuna, wato taubashina, wanda ba ya raga mini ko a gaban baƙi. Tun ina zaure matarsa Ladi ta fito da gudu ba mayafi, ta ce ta ji ƙanshin gida. Ta ɗora hannu a kan buhun, idonta ya kawo ruwa.

Da na ba su labari, Sule ya yi dariya har ya ƙware. "Wato kai ne jakadan Waca a Rasha. Bawana, ji shawarar ubangidanka. A farke buhun nan, Ladi ta kaɗa mana miya, ka koma ka ce ya isa. Rabin saƙon da ake aikowa Zangon nan haka yake isa."

"Kai ka san Gambo."

"Na san ta. Shi ya sa nake zaune Kwatano."

Na sayar da fatuna, na sayi atamfa, sannan na shiga neman hanya. A gidan waya matar da ke bayan taga ta ja gilashinta ta rufe tun ban gama sallama ba. A ofishin jakadan Rasha mai gadi ya ce ba a shiga da kaya, ba a kuma barin kaya a ƙofa, karensa ma ya goyi bayansa. Na nemi ɗalibi mai komawa can, aka ce sai bayan damina. Buhu dai yana rataye a mangwaron tsakar gida, Ladi na zagaya shi kamar kyanwa da tukunyar nono. Na fara tunanin ranar da zan shiga ɗakin Yaya da shi a kafaɗa, sai abinci ya daina yi mini daɗi.

Wata safiya Sule ya shigo yana murmushin mugunta. "Tashi, motar garin su Isufu ta shigo tasha." Wai wani jirgin yaƙin Rasha ya zo ziyarar zumunci, kuma yau an ba jama'a izinin hawa su gani. Da wasa ya faɗa. Ni ma na san jirgin yaƙi ba motar haya ba ne. Amma a garinmu, ko motar jandarma ce za ta Magarya, in ka tare ta da ƙulli za a karɓa, a yi tsaki, a kai. Na sa babbar riga, na sauke buhu daga mangwaro. Sule ya ce ba zai bari a ɗaure ni ba shi da labarin bayarwa ba, ya biyo ni.

Na ga jirage a Jidda da Bar Sudan, amma duk masu ciki ne, an yi su don ɗaukar kaya. Wannan siriri ne, dogo, launin toka, ba wurin da aka bari fili. A samansa ƙarafa sun yi cirko-cirko, wasu kamar faifai, wasu kamar matankaɗi, suna juyawa a hankali. A gefe biyu na ɗakin matuƙa akwai manyan akwatunan ƙarfe a kishingiɗe, bakinsu na duban gaba. A can baya ga jirgi mai saukar ungulu an naɗe masa fikafikai. Muka bi layi tare da 'yan makaranta masu tutoci. A bakin tsani soja ya tare buhun da bindiga, aka kira wani matashin hafsa mai Faransancin littafi, wanda shi ne tafintansu.

Na gaishe shi, na tambayi gajiyar hanya, sannan na yi tambayar da ake yi a kowace tasha: yaushe za su juya gida, kuma wa ke karɓar saƙo?

Ya ɗauka bai ji daidai ba. Da na maimaita, sai ya ce mu hau tukuna, don layi ya tsaya a bayanmu. A sama ya yi mana bayani da haƙuri, irin na malamin da aka ba ajin manya. Ya ce wannan jirgi ba ya ɗaukar kaya ko fasinja, farauta aka ƙera shi ya yi, shi da 'yan'uwansa da aka zuba a ma'auni guda kamar tubali.

"Farautar me?" in ji Sule.

Ya ce jiragen da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa, waɗanda ido ba ya gani. A ƙasan hancin jirgin akwai kunne, akwai kuma mutanen da aikinsu kawai su zauna a ɗaki mai duhu suna saurare. Mai saukar ungulun nan yakan tashi ya je nesa, ya zura nasa kunnen da igiya cikin teku, yadda ake zura guga a rijiya. In an ji motsi, sai ɗaya daga akwatunan nan ya buɗe baki, makami mai linzami ya fita ya bi iska, in ya kai wurin ya saki wani kifin ƙarfe, shi kuma ya nitse ya bi abin har ya same shi.

Sule ya jinjina kai. "To, kun kama nawa?"

"Ba a yaƙi yanzu. Bin su kawai muke, su san mun ji su."

Sule ya juyo gare ni da Hausa. "Ka tuna Maharbi Tanko na Dogo-Dogo? Bindigarsa ta fi ta kowa ado, matarsa kullum miyar lami take kaɗawa, ba nama."

Tafintan ya nemi a fassara masa. Na ce ɗan'uwana ya yaba da kayan aiki.

Ana haka wani hafsa ya iso, babba, mai kumatu ja. Ba shi ne kwamandan jirgin ba, amma na ga kowa ya gyara tsayuwa. Na tambayi tafinta a hankali mene ne aikinsa. Ya ce shi ke kula da abin da ke cikin kawunan sojoji, yana tara su yana yi musu karatu, yana lura da wanda zuciyarsa ta karkace.

"Limaminsu ne ke nan," in ji Sule.

"Shi ne," na ce. "Sai dai nasa aikin ya tabbatar ba wanda ya yi salla."

Liman ya nuna buhu ya ce a buɗe. Soja ya sa wuƙa ya farke ɗinkin Yaya, ya warware zanen da ke ciki. Iskar teku ta kwashi abin da batso ta tara tun daga Waca ta watsa. 'Yan makaranta suka dare. Akwai wasu bututu da ke shaƙar iska su kai cikin jirgi, kuma ba a jima ba sai ga kawuna suna leƙowa daga ƙofofin ƙasa, kowa na tambayar ɗan'uwansa. Jirgin da ke jin motsi a ƙarƙashin teku, ga shi abu ya hau kansa da rana tsaka ya ci shi da yaƙi.

Aka kira likitan jirgi. Ya ɗauki curi ɗaya da ɗan ƙarfe, ya juya shi, ya yi wata magana. Tafinta ya ce likita na tambaya ko guba ce, ko kuwa abin da ake sa wa gona. Na ce abinci ne. Liman ya ce in abinci ne, in ci.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ba a cin batso ɗanya. Miya ake sa wa, kaɗan, ta dahu. Amma ga bindiga, ga Sule ya ja baya yana nuna bai taɓa ganina ba. Na yi bisimilla, na gutsura, na tauna. Na tuna duk zunubaina. Na yi murmushi na ce da Faransanci, "Daɗi."

Da suka ga ban faɗi ba, sai aka saki fuska. Tafinta ya karɓi bayan ambulan da na zo da shi, mai ɗauke da sunan makarantar Isufu, ya karanta, ya kai kan Tashkan, sai sojojin da ke kewaye suka fashe da dariya. Ya ce mini garin nan ba ya ma kusa da teku, yana can tsakiyar ƙasa, wurin auduga da raƙuma. Wato na zama wanda ya kawo wa mai kwalekwale a Gaya saƙon Agadas. Ban da haka, jirgin kudu ya nufa, sai ya yi watanni yana yawo kafin ya koma wata tasha a arewa inda rana ke ɓata.

Cikin masu dariyar wani ya ƙwala kira, suka turo wani gajere mai farar hula da ƙananan idanu, suna bubbuga masa kafaɗa. Tafinta ya ce mai dafa abincinsu ne, Rashid, kuma ɗan Tashkan ne. Ina ganinsa na gane irinsa: Buharawan nan masu gasa gurasa a Makka. Ya duƙa kamar mai duba kaya, ya yi mini sallama irin tamu can ƙasa-ƙasa, leɓensa kawai ke motsi. Na amsa a cikin gemu. Ya ɗanɗana kilishi ya gyaɗa kai. Ya shinshina daddawa ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Tafinta, yana duban wani wuri, ya ce da ni yaron nan aikin sojansa zai ƙare in sun koma, gida zai wuce.

Liman kuwa ya yanke hukunci: jirgin yaƙi ba ya karɓar saƙon kowa. In kwashe kayana.

Nan na tuna da yaron duwan na Malanbil. Na gyara riga, na ɗaga murya yadda masu tutoci za su ji, na zubo duk abin da kunnena ya tsinta a rediyon ƙasar tun da na shigo. Na ce wa ya ce saƙo ne? Kyauta ce. Manoman Waca da Bande da Dogo-Dogo ne, talakawa masu cin guminsu, suka ji 'yan'uwansu ma'aikatan Rasha sun zo, suka ce ba za a yi baƙi su koma hannu sake ba. Na ce in an mayar mini da ita zan koma in gaya musu an ƙi, su kuma su san matsayinsu.

Tafinta ya fassara, kuma ina jin ya ƙara gishiri, don tasa ta fi tawa tsawo. Wasu manyan gari da ke wurin suka tafa. Mai ɗaukar hoto ya matso. Liman ya duba hagu ya duba dama, ya ga ba mafita, ya kama hannuna ya girgiza, ya yi nasa jawabin a kan zumuncin talakawan duniya.

Da ya gama na ce saura abu guda. A al'adarmu, wanda aka kawo wa kyautar abinci shi ke fara ɗanɗanawa a gaban wanda ya kawo. Ba mu da wannan al'ada, a wurin na haife ta. Sule, da ya ga iska ta juya, ya dawo kusa da ni yana cewa, "Haka ne, tun kakanni." Na gutsuro masa wanda ya fi nawa girma.

Ya ci, in ba shi haƙƙinsa. Kumatun nan ja suka koma fari, suka sake komawa ja, ya haɗiye, ya ɗaga babban yatsa wa mai hoto. Sojojinsa kowa ya sami abin kallo a sama. Daga nan ya ba da umurni a kai kyautar ɗakin girki, nesa da shi, ya maƙala mini wani ɗan ƙarfe mai hoton wani mai sanƙo a riga, ya yi gaba da sauri.

Na taya Rashid naɗe zanen, na cusa bayan ambulan a ciki yana kallo. Ba mu da harshe guda, ni da ke taƙama da harsuna. Na nuna buhu, na nuna arewa. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Amanat." Ba a aiken mutum hannu sake, kuma kuɗinmu ba zai yi masa amfani ba, saboda haka na cire hulata na ba shi, na sauka daga jirgin Rasha da kai a buɗe, Sule na bina yana cewa a ba tsohon kamarad hanya.

Da na dawo Waca na ba Yaya labari tun daga gada har tsani. Ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba.

"Wa ka ba?"

"Mai dafa musu abinci."

"Namiji ke girki? Ɗan gidan wa ne?"

"Ban san ubansa ba, Yaya."

"Ka ba wanda ba ka san ubansa ba daddawata."

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Isufu ba mai yawan rubutu ba ne, in ya rubuto ma gaisuwa ce da labarin sanyi. In na shiga gaishe ta sai ta ce, "Auta, ina labarin kifayen da suka ci yajina?" Na haƙura, na ɗauka Rashid ya zubar a teku, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai ga Isufu ya gama karatu. Ranar da mota ta sauke shi, yara suka rugo suna cewa ya zo da Balarabiya. Na isa gidan na tarar Yaya ta juya wa ƙofa baya, tana tsince wake kamar ba abin da ke faruwa. Isufu ya durƙusa daga nesa. Yarinyar, fara, mai dogon gashi cikin kallabi, ta cire takalmi, ta zo ta durƙusa har ƙasa, ta ce da Hausar da aka koya da wahala, "Inna, mun same ku lafiya?" Hannun Yaya ya tsaya a cikin wake.

Ni Isufu ya yi wa bayani, da ƙarfi yadda uwarsa za ta ji. Ya ce saƙo ya isa, bayan shekara da wani abu. Kilishi da yaji sun ƙare a teku, amma kuka da kuɓewa da daddawa ba wanda ya yi musu ƙeta. Rashid ya kai su gida a jirgin ƙasa, uwarsa ta hana a shiga da su ɗaki, shi kuma aka tura shi tsinkar auduga, sai ya aiki ƙanwarsa Zulfiya ta kai makaranta. Ta shiga motar gari da ƙullin, mutane suka bar mata kujeru. Ta iso a fusace, ta ce ba za ta tafi ba sai ta ga ɗan Adam ɗin da ke cin wannan abu. Shi kuma Isufu, don ya kare mutuncin garinsu ya kaɗa miyar kuka ya zuba mata. Ta ce ba daɗi. Bayan mako ta dawo, wai ta tabbatar.

Yaya ta ajiye faifai. Ta juyo, ba ta dubi ɗanta ba, ni ta duba.

"Auta, na aike ka da daddawa, ka je ka kai goron neman aure."

"Yaya, kin ce ya ci ya tuna hanya. Ga shi ya tuna."

"Na ce shi kaɗai."

"Wannan ba a rubuta a jikin buhu ba."

Ta daɗe tana duban yarinyar, wadda har yanzu ke durƙushe. Ta tambayi ko tana salla, aka ce kakarta ta koya mata a ɓoye. Ta tambayi ko ɗan'uwanta ya taɓa daddawar a hanya, aka ce ko curi ɗaya bai ɓata ba, ban da wanda ni da limamin jirgi muka ci. Ta ce, "To, gidansu ana riƙe amana." Ta tura mata faifan waken da ƙafa. Zulfiya ta ja shi gabanta ta fara tsincewa.

Isufu bai sake barin ƙasar nan ba, yana can yana haƙa wa masu lambu hanyoyin ruwa. Yaya ta koya wa surukarta dafa 'ya'yan yakuwa da rufe su har su nuna, kuma yau batson da ake ci a gidanmu daga hannun 'yar Tashkan take fitowa. Ni kuwa, har Allah ya karɓi ran Yaya, ba ta sake ba ni saƙo ba, ko na allura zuwa Magarya.